Bakkale a jikin mutum: dalilin da ya sa maganinsa ke cin kasuwa shida

A rugage da ƙauyukan Yelu, da sauran sassan gundumar Gaya, da wuya a rasa wanda ya san mai irin wannan ciwo. Da safe yakan kora shanu mashaya kamar kowa. La'asar na yi sai jiki ya ɗau zafi, sanyi ya shige shi, da dare kuma zufa ta jiƙa masa shimfiɗa. Ya sha maganin masassarar cizon sauro, ya ji dama-dama na kwana goma, sai abin ya dawo. Aka ce taifot ne, ya sha maganinsa shi ma. Wata biyu, wata uku, ƙugu ya riƙe, gwiwa na ciwo, nama ya zube, sandar kiwo ta koma ta dogarawa. A gida an fara zancen iska ko sammu.

Idan aka waiwayi garken irin wannan mutum, sau da yawa akwai labari. Wata saniya ta yi ɓari a watannin baya, ko mabiyiya ta ƙi faɗowa shi ya sa hannu ya ciro ta, ko akwai sa mai kumburin gwiwa. Makiyaya sun san wannan ciwo a jikin dabba, Fulani na ce masa bakkale. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yana kama mutum. Likitoci na kiransa buruseloz, ƙwayar da ke kawo shi kuma burusela.

Ciwon na warkewa. Sai dai maganinsa ya bambanta da wanda muka saba sha na kwana uku ko biyar. Iri biyu ake haɗawa, a sha su kwana 42 ba fashi, wato kasuwa shida cur. Yawancin waɗanda ciwon ke dawo musu, a nan suke tuntuɓe. Wanda ya gane abin da ƙwayar ke yi cikin jiki, shi zai fi iya jure wa wannan doguwar tafiya.

Yadda yake tsallakowa daga garke

Yankin Gaya ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar. Ga fadamun Dallol Mauri da Dallol Foga, ga kogin Kwara, don haka garkuna daga wurare daban-daban ke haɗuwa nan a mashaya da burtali. Ga Malanville a tsallaken kogi cikin Benin, ga Kamba cikin jahar Kebbi ta Nijeriya, dabba na sauya hannu tsakanin kasuwanni ba tare da wanda ya san tarihinta ba. Irin wannan cuɗanya ita ce abincin bakkale.

Cutar na nan cikin ƙasarmu. A 2013 aka wallafa binciken da Abdou Razac Boukary da abokan aikinsa suka yi kan shanu da tumaki da awaki a Yamai da kewayenta, da karkarar Torodi da Balleyara. Sun samu alamar cutar a jinin wasu dabbobin, sun kuma ciro ƙwayar kanta daga ruwan kumburin gwiwa cikin shanun. A duniya baki ɗaya, wani lissafi da masu bincike a Amurka suka fitar a 2023 ya kiyasta cewa mutum kusan miliyan 2.1 ne ke kamuwa kowace shekara, Afirka da Asiya ne kan gaba.

Saniya mai bakkale takan yi ɓari bayan ciki ya wuce wata biyar. Galibi sau ɗaya take yi, daga baya ta riƙa haihuwa lafiya, mai ita ya ɗauka ta warke. Alhali tana ci gaba da fitar da ƙwayar cikin madara da kuma duk lokacin da ta haihu. Ɗan tayin da ya zube, da mabiyiya, da ruwan haihuwa, su suka fi komai ɗauke da ita. Daga nan take shiga mutum ta tsagar fata ko ɗan rauni a hannu, ta ido idan ruwan ya fantsamu, ko ta numfashi a wurin da aka yi ɓarin. Babbar hanya kuwa ita ce ɗanyar madara da abin da aka yi da ita. Nau'in da ke jikin awaki da tumaki ya fi na shanu tsanani a jikin mutum. Daga mutum zuwa mutum kuwa da wuya ƙwarai ta wuce, don haka babu dalilin gudun mai ciwon ko raba kwano da shi.

Tarihi ya nuna ƙarfin hanyar madara. A 1887, a tsibirin Malta, wani likitan sojan Ingila mai suna David Bruce ya ciro ƙwayar daga saifar sojojin da wata masassara ta kashe, daga sunansa aka samo burusela. A 1905 wani likita ɗan tsibirin, Themistocles Zammit, ya gano cewa awakin da ake tatsa a ƙofar gidaje ne ke ɗauke da ita, ga su kuma lafiya lau a ido. Da aka hana sojoji shan ɗanyar madarar akuya a 1906, ciwon ya faɗi warwas a barikokinsu.

Ɓarawon da ya ɓuya a ɗakin mai gadi

Allah ya yi wa jikin mutum dakaru, su ne fararen ƙwayoyin jini. A cikinsu akwai wasu manya da za mu kira masu haɗiya. Aikinsu shi ne sintiri. Duk baƙuwar ƙwaya da suka tarar sai su haɗiye ta, su kulle ta cikin wata ƴar jaka, su zuba mata sinadarai masu narkarwa. Haka suke gamawa da yawancin ƙwayoyin cuta ba tare da mutum ya ma san an yi ba.

Burusela ta zo da dabara biyu. Ta farko, rigar da ke lulluɓe da ita ba ta tayar da hankalin dakarun kamar ta sauran ƙwayoyi, don haka ba a yin kururuwa da wuri. Shi ya sa akan yi mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci har wata biyu, tsakanin shigarta da fara ciwo. Kafin nan mutum ya manta da saniyar da ya taimaka wa haihuwa. Ta biyu, idan mai haɗiya ya haɗiye ta, mafi yawa suna mutuwa, amma ƴan kaɗan sukan hana jakar tasu narkewa, su lallaɓa zuwa wani lungu cikin cikinsa, su zauna suna hayayyafa. Mai gadin da ya kamata ya kashe ta ya zama masaukinta, kuma shi ke ɗaukarta ya kai ta saifa, da hanta, da ɓargo, da gaɓoɓi, da maraina ko mahaifa.

Daga waɗannan maɓoya take fitowa cikin jini lokaci zuwa lokaci. Jiki ya tashi da faɗa, zafi ya hau, zufa ta karyo. Aka kashe waɗanda suka fito, zafi ya sauka, mutum ya ce ya warke. Waɗanda ke ɓoye kuwa suna nan. Wannan ne ya sa masassarar bakkale ke tafiya tana dawowa.

Jiki na da makami iri biyu a wannan yaƙi. Na farko wasu sinadaran kariya ne da ke yawo cikin ruwan jini, suna manne wa ƙwayar su nuna ta ga dakaru. Suna fara bayyana tun makon farko na ciwo, amma ba sa iya shiga cikin mai haɗiya, don haka ɓoyayyar ƙwaya ta fi ƙarfinsu. Na biyu wasu fararen ƙwayoyin jini ne da likitoci ke kira ƙwayoyin T. Su ne ke fitar da wani sinadari mai suna intaferon gama, wanda ke farkar da masu haɗiya su narkar da abin da ke cikinsu. Inda abin ya gagara, dakarun kan taru su kewaye wurin kamar shinge. Wannan makami na biyu shi ke danne cutar, shi ya sa ba ta cika kisa ba. Cikin mutum 100 da ba su samu magani ba, waɗanda take kashewa ba su wuce biyu ba, yawanci idan ta kama ƙofofin zuciya. Amma dannewa daban, fitarwa daban. Mutum na iya yin watanni ko shekaru a haka, bai kwanta ba bai kuma iya aiki ba, kuma tsawon wannan lokaci ƙwayar na iya cin ƙashin baya ko mahaɗin ƙugu. Namiji na iya samun kumburin maraina. Mace mai ciki na cikin haɗarin ɓari.

Abin da za a faɗa wa malamin asibiti

Masassarar cizon sauro ta yi yawa a yankinmu, musamman da damina da kaka, kuma tana kisa cikin kwanaki. Don haka duk mai zafin jiki ya fara da gwajinta. Matsala na zuwa ne idan gwajin ya nuna babu, ko an sha maganin daidai zafi bai daina dawowa ba, amma aka ci gaba da maimaita magani ɗaya. Wani bincike da aka wallafa a 2013 daga garin Moshi na Tanzaniya ya nuna girman wannan kuskure. Cikin mutum 870 da aka kwantar da zazzaɓi, an ce wa kashi 60 cikin 100 cizon sauro ne, amma gwaji mai zurfi ya tabbatar da shi a ƙasa da kashi 2 cikin 100 kawai. Cikin sauran cututtukan da aka gano har da bakkale. Moshi ba Gaya ba ce, sauro ya fi yawa a nan, amma darasin ɗaya ne.

Bakkale ba shi da wata alama tasa ta kansa da za a gane shi da ido. Labarin da mara lafiya ya bayar shi ke sa malamin asibiti ya tuna da shi. Saboda haka idan kun je, ku faɗi kwana nawa zafin ya yi da lokacin da yake zuwa. Ku faɗi cewa kiwo ne sana'arku, ko fawa, ko sayar da nono. Ku faɗi ko an yi ɓari a garke cikin watanni shida da suka wuce, da wanda ya taɓa abin da ya zube. Ku faɗi ko ana shan ɗanyar madara a gida, da duk maganin da kuka riga kuka sha, har na kasuwa. Sannan ku tambaya kai tsaye ko za a iya yi muku gwajin buruseloz, idan kuma babu shi a nan CSI, a nuna muku inda ake yi, ko a ba ku takardar zuwa asibitin gunduma a Gaya ko babban asibitin Dosso.

Gwajin da aka fi sani ana ce masa Roz Bengal. Ana ɗiga ruwan jini a kan farin faranti, a gauraya shi da wani ruwa mai launin hoda, cikin ƴan mintuna idan akwai sinadaran kariyar nan sai ya yi gudaji-gudaji. Irinsa ne malaman dabbobi ke yi wa shanu. Amma a lura, sawun yaƙi yake nunawa, ba ya ganin ƙwayar kanta. Makiyayin da ya taɓa haɗuwa da cutar shekarun baya jininsa na iya nunawa alhali ciwonsa na yau wani abu ne dabam. Shi ya sa likita ke haɗa gwajin da labarin mutum da alamominsa, wani lokaci ya sa a sirka jinin a sake gwadawa don ya ga yawan sinadaran. Haka kuma bayan an warke gwajin na iya ci gaba da nunawa har watanni. Wannan ba dalili ne na sake sayen magani ba matuƙar jiki ya koma daidai.

Magani biyu, kwana 42

Tunda ƙwayar na zaune cikin cikin dakarun jiki, sai maganin da ke iya ratsawa ya same ta a can. Irin su amoksisilin da fenisilin ba sa wannan aiki. Waɗanda ke yi ma, ɗaya kaɗai ba ya isa, domin an gwada shekaru da dama an ga cewa masu shan iri ɗaya ciwon ya fi dawo musu. Ƙwayar kuma a hankali take hayayyafa a maɓoyarta, dole magani ya daɗe cikin jiki kafin ya share ta.

Ginshiƙin maganin ga babban mutum shi ne doksisiklin, miligiram 100 safe da dare, kwana 42. Wasu likitoci na rubuta kwana 45. A lissafin kwana 42, ƙwaya 84 ke nan. Sai a haɗa shi da ɗaya cikin biyu. Ko dai rifamfisin, miligiram 600 zuwa 900 sau ɗaya a rana, shi ma tsawon makonni shidan, wanda shi ne haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 1986. Ko kuma allura: istireftomisin kullum na mako biyu zuwa uku, ko jantamisin na kwana 7 zuwa 10, doksisiklin kuma ya ci gaba har ƙarshen makonni shida. Bincike ya nuna haɗin da ke da allura ya fi hana ciwon dawowa, sai dai yana bukatar mutum ya zauna kusa da mai yin allura. Likita ne zai zaɓa gwargwadon nauyin mutum, da halin jikinsa, da nisan rugarsa.

Doksisiklin ba na mace mai ciki ba ne, ba kuma na yaron da bai kai shekara 8 ba, saboda yana taɓa haƙora da ƙashi masu tasowa. Su akan ba su rifamfisin da kotirimoksazol, a kan tsarin da likita zai shata, musamman idan haihuwa ta kusa. Idan kuma cutar ta riga ta kama ƙashin baya, ko zuciya, ko ƙwaƙwalwa, magani kan kai wata uku ko fiye, wani lokaci iri uku.

Akwai dalilin da ya sa bai kamata kowa ya je ya sayi rifamfisin da kansa ba. Shi ne babban maganin tarin fuka, wato tibi. Tibi kuma na kawo zafin yamma, da zufar dare, da rama, da ciwon ƙashin baya, kamar dai bakkale. Mai tibi da ya sha rifamfisin ba tare da sauran magungunan tibi ba, ƙwayar tibinsa na iya koyon jure masa, ya zo ya yaɗa wa iyalinsa irin da ba ya jin magani. Shi ya sa likita ke tambayar tari, ya sa a gwada majina idan ya ga dalili, kafin ya rubuta.

Dokokin sha

Doksisiklin da madara ba sa ga maciji. Madara da nono na riƙe wani kaso na maganin a hanji, su hana shi shiga jini, haka ma ƙwayoyin ƙarin jini da maganin gyambon ciki irin na alli. Ga wanda fura da nono ce karin kumallonsa, wannan babbar magana ce. A bar kamar awa biyu tsakanin maganin da nono. A sha shi da ɗumame ko tuwo, a kora da ruwa cike da moɗa, kada a kwanta nan take, don idan ya maƙale a maƙoshi yana ƙona shi. Yana kuma sa fata saurin jin rana, don haka malafa da riga mai dogon hannu su zama abokan kiwo.

Rifamfisin ya fi shiga jiki idan ciki babu komai, don haka da asuba ake shansa, kamar awa guda kafin kari. Zai mai da fitsari ja-ja kamar ruwan goro, har zufa da hawaye. Ba jini ba ne, ba kuma dalilin dainawa ba ne. Amma idan ido ya yi rawaya irin na shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ƙuraje sun feso, a koma asibiti a ranar. Macen da ke kan maganin tazarar haihuwa ta faɗa wa malamin asibiti, domin rifamfisin na rage masa ƙarfi. Haka duk mai shan wani magani na yau da kullum. Mai karɓar allura kuma, idan ya ji kunne na ƙara, ko ji ya ragu, ko jiri na ɗibarsa, ya faɗa kafin a yi masa ta gaba.

Inda ake tuntuɓe

Cikin makon farko na magani zafi kan sauka, zufar dare ta ɗauke, abinci ya fara shiga. A nan haɗarin yake. Mutum ya ji ƙarfi, ga shanu na jiran mai kora su, ga kuɗin sauran maganin da za a iya sayen dussa da shi, ga ciki na ɗan damunsa da ƙwayoyin. Sai ya ajiye, ko ya miƙa ragowar ga ƙanensa da shi ma jikinsa ke zafi. Abin da ya mutu a wannan mako, ƙwayoyin da ke yawo cikin jini ne. Na cikin ɓargo da saifa ba a kai gare su ba tukuna. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Ko cikin waɗanda aka yi wa magani, mutum 5 zuwa 15 cikin 100 ciwon kan dawo musu, galibi cikin watanni shida bayan gamawa. Cikin waɗanda suka yanke a hanya ko suka sha iri ɗaya, adadin ya fi haka. Yawanci ba don ƙwayar ta daina jin magani ba ne, ba a dai kai ga maɓoyarta ba, don haka magungunan nan na sake yin aiki. Sai dai daga farko za a faro, kwana 42 sabo, da kuɗi sabo, wataƙila kuma a wannan karo ƙashin baya ya riga ya taɓu. Wanda zafi ko ciwon ƙugu ya dawo masa bayan ya gama, ya koma wurin wanda ya yi masa maganin ya faɗa masa.

Kafson da ake saye biyu-biyu a hannun masu talla ranar kasuwa na ƙara dagula lamarin. Wasunsu dangin doksisiklin ne, suna kwantar da zafin na ƴan kwanaki, su ɓatar da sawun ciwon, mutum ya yi ta jinkirin zuwa asibiti. Maganin dabbobi kuma, irin allurar da ake yi wa shanu, ba na jikin mutum ba ne ko kaɗan.

Aikin ƙungiya

Makonni shida sun yi wa mutum ɗaya nauyi, amma ba su fi ƙarfin ƙungiya ba. Abin da ke sa makiyayi yanke magani sananne ne: kuɗi, da rashin mai riƙe masa garke, da tafiya.

Ƙungiyar da ke da asusu na iya ranta wa ɗanta kuɗin maganin gaba ɗaya, a saye shi dunƙule a kantin magani na asibiti ko wanda hukuma ta yarda da shi, maimakon a riƙa sayen na mako-mako har wata rana a tarar ya ƙare. A samu mutum ɗaya a gida da zai riƙa ganin an sha, yana ƙulla igiya ko jefa tsakuwa a gwangwani kullum har 42. Ƴan'uwa su karɓi kiwon na kwanakin allura. Idan lokacin tashi ya zo, garso da ardo su san da maganar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai allura ya gama ta kafin ya bi garke, mai ƙwayoyi ya tafi da cikakken adadinsa cikin abin da ruwa da rana ba za su taɓa ba, da takardar likita a aljihu, don duk asibitin da ya faɗa a hanya su san abin da yake sha.

Idan an tabbatar da ciwon a jikin mutum ɗaya, a duba sauran mutanen gida. Ƙwarya ɗaya suka sha, kuma mata da yara ne suka fi kusa da tatsa da ƙananan dabbobi. Duk mai zafin da ke dawowa ko ciwon gaɓoɓi a kai shi.

Warkewa kuma ba ta hana sake kamuwa, ga shi babu allurar rigakafin bakkale ta mutane. Wanda ya gama kwana 42 ya koma shan ɗanyar madarar saniyar nan, ya koma gidan jiya. Tsami ba abin dogaro ba ne wajen kashe ƙwayar, wuta ce ke kashe ta. A dafa madara ta tafasa, ta huce, sannan a zuba mata tsohon nono ta yi barci. Wanda za a yi cuku da ita ko a kaɗa a fitar da mai, ita ma ta fara hawa wuta. Masu kai nono kasuwa da suka saba da haka suna kare iyalinsu da masu sayensu gaba ɗaya.

Wajen haihuwa da ɓari, a sa safar hannu, idan babu a zura hannu cikin leda mai kauri a ɗaure, a wanke da sabulu bayan an gama. Mace mai ciki da yara su nisanci wurin. Ɗan tayi da mabiyiya a binne su da zurfi nesa da rijiya da mashaya, inda kare ba zai tono ba. Dabbar da ta yi ɓari a ware ta daga garke har ta daina zubar da ruwa. Kumburin gwiwa kuma kada a huda shi ko a tsaga, ruwan cikinsa na ɗauke da ƙwayar.

Magatakardan ƙungiya ya buɗe shafi ɗaya a littafinsa don ɓari: garken wa, wace dabba, wata nawa cikin, wace rana. Da wannan shafi za a je wa malamin dabbobi na gwamnati ko na SVPP, shi zai iya ɗibar jini a gwada, har a aika LABOCEL, babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi da ke Yamai, idan ta kama. Dabba ba a yi mata irin maganin mutum, domin allura ba ta fitar da ƙwayar daga jikinta gaba ɗaya, asarar kuɗi ce kawai. Wadda aka tabbatar tana da shi, yanka ya fi dacewa da ita bisa shawarar malamin dabbobi, mahauci ya kiyaye hannunsa da idonsa, a jefar da mahaifa da hantsa, nama kuma a dafa shi ya nuna sosai. Kai ta kasuwa a sayar wa wani makiyayi, tura masa ciwon ne shi da ƴaƴansa. Akwai allurar rigakafi ta dabbobi, S19 ta maruƙa mata da Rev 1 ta awaki da tumaki, amma rayayyar ƙwaya ce da aka raunana, tana iya kama wanda allurar ta soka, don haka aikin malamin dabbobi ne shi kaɗai.

A taron ƙungiya mai zuwa, a yi tambaya biyu a rubuta amsarsu: a garken wa aka yi ɓari bana, kuma a gidan wa ake da mai zafin jikin da ya wuce mako biyu yana tafiya yana dawowa. Inda amsoshin biyu suka faɗa gida ɗaya, a raka mutumin asibiti a wannan mako, da labarin garkensa a bakinsa.